Jan Ƙyallen da Ban Kaɗa Ba

Ni mutum ne mai taimaka wa Allah a aikinsa. Na daɗe ina wannan hidima ba tare da ya nema ba. Idan akuyar wani ta mutu a ƙauyenmu, ni nake fara sanin laifin da mai ita ya yi. Idan rumbu ya kama da wuta, kafin a kawo ruwa na riga na gano dalili. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a kan hukuncin Ubangiji ko fastonmu bai kamo ƙafata ba. Shi yakan ce bai sani ba. Ni ban taɓa faɗin haka ba.

Ƙauyenmu yana wajen Tabanni, gonakinmu a bakin daji. A kan iyakar gonata da ta maƙwabcina akwai wata babbar ɗorawa. Maƙwabcin nan ya girme ni, cocinmu ɗaya, Yaya nake ce masa. Kunnensa ya yi nauyi tun wani zazzaɓi da ya yi yana saurayi, sai ka tsaya a gabansa ka ɗaga murya yake ji. Muka yi rigima a kan ɗorawar, har matanmu suka daina gaisawa a bakin rijiya saboda kalwar daddawa. Dattawan coci suka zo suka duba, suka ce tasa ce. Na ce to, na bar wa Allah.

Ga irin barin da na yi. Fasto ya sha gaya mana cewa ramuwa ba ta Kirista ba ce, Ubangiji ya riƙe ta a hannunsa. Wa'azin nan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin na san hannun Ubangiji ya fi nawa nauyi. Kowace safiya nakan durƙusa in tuna masa da maganar ɗorawa, kada ayyuka su yi masa yawa ya manta. Har shawara nake ba shi: ba sai an kai ga kisa ba, ciwon ƙafa ma ya wadatar. Damina uku Yaya yana samun masara fiye da ni. Na fara zargin cewa a sama ma takarda tana kwana a kan tebur, kamar a sakatariya.

Da 'yan bindiga suka matsa mana, muka daina zuwa gona ɗai-ɗai. Mukan fita tare, mutum ɗaya ya hau bishiya yana duba bakin daji, saura suna noma. Idan ya hango babura sai ya busa usur, kowa ya yar da fartanya ya bi kwari zuwa gida. Bishiyar da ta fi tsawo kuwa ɗorawar nan ce. Da yake Yaya ba ya jin usur, matarsa ta yago jan ƙyalle daga tsohon zaninta, aka ɗaura a kan gora. Aka ce mai gadi ya busa, ya kuma kaɗa ƙyallen. Yaya ya saba, duk kunyar da ya kai ƙarshenta sai ya ɗaga kai ya dubi bishiya.

Wata Laraba gadi ya faɗo kaina. Rana ta take tsaka na hango ƙarfe yana walƙiya a cikin itatuwa, babura ne. Na busa, mutane suka watse. Gorar tana rataye a reshe dab da hannuna. Na dube ta, na dubi Yaya can ƙarshen gonarsa a sunkuye. Sai na ce a raina, wane ni da zan sa hannu a abin da Ubangiji ya shirya? Na sauko na gudu. Da zan so in ce tsoro ne. Akwai tsoro, amma kaɗa ƙyalle bai fi numfashi biyu ba, kuma na sami lokacin ɗaukar takalmina a gindin bishiya.

'Yan bindigar suka tafi da Yaya. Da yamma aka tambaye ni, na ce na kaɗa, bai duba ba. Ranar Lahadi da aka yi masa addu'a, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi. A gida kuma na ce wa matata, "Kin dai ga aikin Allah?"

Ta ce, "Maigida, rufa mana baki. 'Ya'yansa suna jin ka ta bayan zana."

Ya fi wata guda a daji. Yadda aka yi ya fito labarin iyalinsa ne. Abin da zan faɗa kawai, wani abokinsa Musulmi mai sayar da hatsi a kasuwar Birnin Gwari ya yi ta zirga-zirga a kansa, ni ɗan'uwansa cikin Almasihu ina gida ina nazarin hukunci. Ya dawo a rame, yana jan ƙafar hagu saboda ɗaurin da aka yi masa. Ciwon ƙafa. Ban taɓa yin addu'ar da aka amsa daidai haka ba, kuma daga ranar tuwo ya daina wuce mini.

Tunda ni ne gwanin sanin hukunci, sai na zauna jiran nawa. In hadari ya haɗo, ba na tsayawa kusa da itace. Ina zazzage takalmi saboda kunama. Shiru. Masarata ma a shekarar ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, na rasa yadda zan fassara ta. Sau biyu ana Jibin Ubangiji, gurasar da muke karɓa tare a coci, ina ƙin karɓa ina cewa cikina ne ke ciwo, domin fasto yakan ce mai abu tsakaninsa da ɗan'uwansa ya fara zuwa ya gyara. A karo na uku, ranar Asabar ana gobe Jibi, na tafi gidan Yaya. Na same shi a tsakar gida yana ɓarar masara, matarsa tana tankaɗe.

Na durƙusa, na ce a hankali, "Yaya, ban kaɗa ƙyallen ba."

"Ka ce me?"

Na ƙara. Ya kama kunne ya matso. Na yi niyyar tuba irin ta masu mutunci, wadda daga ni sai shi. A karo na huɗu sai da na kwarma ihu har kaji suka watse, yara suka leƙo ta saman zana. Matarsa ta ajiye rariya.

Ya ce, "To, ka gama sanar da unguwa? Ai na sani. Na kai ƙarshen kunya na ɗaga kai, na ga gora a rataye, na ga bayanka, da takalmi a hannu."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ina jira in ga ko bakin nan da ya san laifin kowa zai san na mai shi."

Na sake ɗaga murya: "Ka bar ni da Allah, Yaya."

"A'a, ƙanena. Na ga yadda kake yi da wanda ka bar wa Allah. A daji na gwada, kwana da kwanaki ina roƙa maka abubuwa, wasu ma ban san sunansu ba. Ban sami barci ba sai da na daina. Na yafe maka. Amma ranar Litinin kai ne mai gadi a saman ɗorawa. Na gaya wa dattawa kada a canza ka."

Matarsa ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Har yau in na gaishe ta, rariya ko tulu take duba, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari na karɓi Jibi. Ranar Litinin na hau ɗorawarsa. Gorar tana nan, ruwa ya kusa cinye jan ƙyallen. Na riƙe ta tun safe har tafin hannuna ya yi zufa. Yaya yana ƙasa yana jan ƙafa a cikin masara. Ya kai ƙarshen kunya, ya ɗaga kai ya dube ni, ya sake sunkuyawa.

A makon nan akuyar wani ta mutu. Aka tambaye ni me na gani. Na ce ina jin leda ta ci.