Buɗa Na Ce, Ba Buda Ba

Shekarun baya, abokina na ƙuruciya ya fitar da ni daga Musulunci da bakinsa, ya sa aka karɓe makullin ɗakin sipika daga hannuna a masallacin lungunmu na Aboabo a Kumasi, masallacin da mahaifina ya yi ladanci a ciki har muryarsa ta ƙare, ni kuma na gaje shi. Ba a kama ni da giya ba, ba a kama ni da matar wani ba. Zama na yi. Zama kawai, baki a rufe. Kwanan nan na ga kuna ta cacar baki a waya kan masu zaman shiru suna bin numfashinsu, wasu na cewa gayu ne, wasu na cewa shirka ce. Shi ya sa na ce bari in ba ku nawa, tunda ni a jikina na ji shi, ba a waya ba.

Ni direba ne. Boko ban yi nisa ba, in kun ga rubutuna ya karkace ku haƙura. A lokacin ina tuƙa wani mutumin Siri Lanka mai kula da injina a wani kamfanin katako. A Zango kowa Ba'indiye yake ce masa, ya gaji da gyarawa ya bari. Ni kuwa Masa nake ce masa, wato maigida. Addinin Buda yake yi, bai taɓa ɓoyewa ba, har da ɗan mutum-mutumi a zaune a gaban mota. Ranar da na fara aiki na ce masa, "Masa, mota zan wanke ta ciki da waje, amma wannan mutumin naka kai za ka riƙa goge shi." Ya yi dariya, ya ɗauke shi ya kai gida. Tun daga nan na san zan iya zama da shi.

Wanda ya san ni a da ya san zuciyata kusa take. Direban trotro, motar hayarmu, ya tsaya min a gaba a tashar Kejetia, zan zage shi da Hausa, in juya da Twi, in ƙarasa da Turancin da ban iya ba. Likita ma ya riga ya ce jinina ya hau. Wata rana na gama wanke wani kwandasta tas, jijiyar wuyana a tsaye, sai Masa ya ce in faka. Na ɗauka kora ce. Sai ya ce in kashe mota, in rufe baki, in bi iskar da ke shiga hancina tana fita. In wani tunani ya zo, kada in yi kokawa da shi, in ba shi hanya ya wuce kamar yadda ake ba mai babur.

Na ce, "Masa, tsaya. In akwai sunan wani da zan kira, ko wani da zan rusuna wa, ka bar ni da hawan jinina."

Ya ce, "Babu. Hancin naka ne. Wanda ya ba ka numfashin kuma, kai ka san shi."

Na ce, "Na san shi kuwa."

Na auna maganar da ɗan karatun allona, ban ga inda ta taɓa min tauhidi ba. Sai na fara. Bayan an sallame Asuba, na gama azkar, sai in koma kusurwa in jingina da bango in zauna har rana ta fito. Da farko wahala ce tsagwaronta. Gwiwa na ciwo, kai kuma kamar tashar rediyo: man fetur ya tashi, kuɗinmu sidi ya faɗi, 'yan galamse masu haƙar zinare sun mayar da kogunan ƙasar nan kamar koko, an ɗauke wuta, an kawo, an sake ɗaukewa. Amma a hankali hayaniyar ta riƙa ja da baya. Na fara jin abin da na shekara ina wucewa ban ji ba. Masa yana da wata al'ada ta yin 'yar waƙa mai layi uku, ba amshi, ba kiɗa. Ina yi masa dariya, in ce wannan ai kafin mutum ya gyara zama an gama. Sai ga ni nima ina yi a zuci. Ta farko da na yi, bayan ruwan safe ne:

Ruwa ya ɗauke.
Kwano na ɗiga shi kaɗai,
kaza ta fito tana harar sama.

Kada ku yi dariya, direba ne ya yi. Akwai wata da na fi so, wadda na yi ina kallon rafinmu:

Rafin Aboabo,
leda ta fi kifi yawa,
balbela ba ta daina zuwa ba.

Masa ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, ni kuma na ci gaba da zamana. Mutum ɗaya na taɓa gaya wa inda na samo abin, shi ne abokin nan nawa. Tare muka yi allo, tare muka sha bulala. Shi Allah ya buɗa masa a kasuwar goro, ya je Makka, ya zama Alhaji, ya zama shugaban kwamitin masallaci. A bencin mai koko na ba shi labari, yana ta dariya yana cewa, "Kai da zuciyarka, ko da dutse aka danne ka alheri ne." Ban san ajiye maganar ya yi ba. Akwai ƙanin matarsa da ya dawo daga karatu yana zaman banza, Alhaji yana nema masa wurin da za a riƙa ganinsa.

Muna da wani dattijo Bamoshe mai share masallaci, kowa Baba yake ce masa. Hausarsa irin ta unguwar Moshi Zango ce, mace ya ce, namiji ya ce, ƙofa kofa ce, ɗaki daki ne. Wata safiya yana shara ya iso kusurwata, ya tsaya da tsintsiya.

"Ladan, kulum kulum kai zauna nan kamar buhu. Tasbaha babu. Wane zama ne wannan?"

Na ce, "Baba, zaman buɗa ƙirji ne. Zuciya ta yi min yawa."

Ya ce, "Yawwa, Allah ya buda," ya wuce da shararsa. Na manta da maganar. Bayan 'yan kwanaki aka yi masa rasuwa a gida, ya tafi Burkina, damina ta riƙe shi can.

Sai na fara ganin abu. In na miƙa hannu, a ba ni kan yatsu. Na gefena a sahu ya matsa ya bar fili kamar ina da ƙazuwa. Matata ta dawo daga kasuwa tana kuka, wai wata mai kifi ta ce mata matar Buda. Ranar nan bayan La'asar liman ya ce in tsaya, kwamiti na son magana da ni.

Alhaji ne ya yi bayani, kansa a ƙasa, muryarsa a sanyaye kamar mai ta'aziyya. Ya ce abin ya fi yi masa ciwo fiye da kowa, domin ni ɗan'uwansa ne. Amma addini ba wasa. Ya ce Baba ya ji daga bakina, na ce zaman Buda nake yi, a cikin ɗakin Allah.

Na ce, "Buɗa na ce. Buɗa ƙirji."

Ya ɗago kai ya ce, "Yanzu da magana ta fito ne ka lanƙwasa harshe?" Wasu suka yi dariya. Sai ya ce, "To, tsakaninka da Allah. Ka tuƙa mai bautar Buda ko ba ka tuƙa ba?"

"Na tuƙa."

"Wannan zaman, wa ya koya maka?"

Da na ce malamina na allo ne, da magana ta mutu a wurin, domin malamin ya rasu. Amma ni ko a zamanin haukata ban iya ƙarya ba. Na ce, "Shi ne." Aka ɗauki salati. Liman, mutumin kirki amma mai tsoron masu hannu da shuni, ya ce in ba da makulli tukuna har a bincika.

Ku ji inda nake alfahari. Ni ɗin nan da na taɓa bin direban tasi a guje daga unguwar Asawase har gada saboda ya goge min madubi, ina tsaye, Alhaji yana inda hannuna zai kai, na ji wutar ta taso daga ciki ta iso wuya. Na san ta, tsohuwar abokiyata ce. Na bi iskar hancina ta shiga, ta fita. Ta sake shiga, ta fita. Na ciro makullin na ajiye a kan tabarma gaban liman, na ce assalamu alaikum, na sa takalmina. Da na kai masa mari ranar, da yau labarin da ake bayarwa shi ne kafiri ya doki Alhaji a masallaci, kuma da ba mai wanke ni har kabari.

Mahaifiyata ta ce in canza masallaci. Na ce ba inda za ni. Ubana ya ɗauki bulo a kansa aka gina wurin nan. Kullum ina sahun farko, a bayan liman daidai. Ƙanin matar Alhaji yana kiran salla, ina amsawa. Ba laifinsa ba ne, sai dai ranar da aka ɗauke wuta sipika ta mutu, muryarsa ko bakin lungu ba ta kaiwa. In an sallame Asuba kuwa in koma kusurwata in zauna, a gaban idonsu, yadda na saba. Wasu safiyoyin ba numfashi nake bi ba, hawaye nake haɗiyewa, wannan gaskiya ne. Amma ban fasa ko sau ɗaya ba.

Da ruwa ya ja baya Baba ya dawo. Ya ji wata murya a sipika, ya tambaya ko ladan ba lafiya. Aka ba shi labari, aka ce ai shi ne ma shaida. Dattijon nan ya yar da tsintsiya. Bayan Azahar, jama'a ba su watse ba, ya miƙe.

"Liman! Ni ya ce buda, gaskiya ne. Buda! Buda kofa, buda taga!" Ya je ya kama ƙofar masallaci yana buɗewa yana rufewa, tana ƙara. "Wannan buda! Azumi ya zo, ku duka kuna buda baki, ku ma kun kafirta?"

Masallaci ya fashe da dariya, har liman ya rufe baki da rawani. Amma Baba bai yi dariya ba. Ya nuna Alhaji da yatsa ya ce, "Shi ya tambaye ni ran nan, wane buda. Na yi masa haka." Ya sa hannu biyu a ƙirji ya ware su. "Ya gani da idonsa. Ya ce to, to, na gane."

Dariyar ta tsaya cak. Alhaji ya ce waya ake yi masa, ya fita. Washegari liman da kansa ya zo ƙofar gidanmu da makulli a hannu, yana ta kame-kame. Na karɓa. Abina ne, don me zan yi fushi da shi?

Har yau in na tuna, ba ƙwace makullin ne ke ci na ba. Mutanen da na tashe su salla shekara da shekaru, babu wanda ya taka ya zo ya ce, wane, me kake yi a kusurwar nan? Mai shara kaɗai ya tambaya. Sauran sun fi son su ji daga bakin mai babbar riga. Ni ban ce kowa ya je ya yi zaman shiru ba, ni ba malami ba ne, ku tambayi malamanku. Abin da na sani shi ne, wani bawan Allah da ba ya sallarmu ya koya min riƙe hannuna, kuma da wannan riƙon na tsira da sunana a cikin Musulmi. Ina yi masa addu'ar shiriya, ba na jin kunyar cewa na amfana da shi.

Alhaji ya daɗe yana kauce min. Sai a wani suna a Zango muka haɗu, an cika rumfa, ba hanyar gudu. Ya zo da fara'a ya kama hannuna da hannu biyu, yadda mutane za su gani.

"Ɗan'uwa, abin da ya wuce ya wuce. Kuskuren harshe ne. Ka san Hausar Kumasi, duk ta cakuɗe, ba a rarrabe komai."

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Alhaji, kakanka daga wane gari ya zo?"

Ya ce, "Maraɗi mana, ka sani."

"Sake faɗa."

"Maraɗi."

Na ce, "To ka ji. Harshenka lafiyarsa lau. Na Baba ne ba ya lanƙwasuwa, kuma shi da ya ga ba a gane ba, da hannu ya nuna maka. Kai ba kuskure ka yi ba, zaɓa ka yi. Gaisuwa zan gaishe ka saboda Allah, in ka riga ni tafiya zan ɗauki makararka. Amma kada ka ƙara ce min ɗan'uwa. Kuma gobe da Asuba, muryar nan da ka ce ta kafiri ce, ita za ta shigo maka har ɗaki. In ka ga dama ka taso, in ka ga dama ka ja bargo."