Gawar Baba Tanko Ta Koma Gida

Jama'a, yau gawa ta juya ta koma gida a idona!

Da safen nan aka yi wa Baba Tanko salla, maƙwabcinmu a Angwan Iya. Muka ɗora makara a 'yar tirelar masallaci, muka maƙala ta a bayan motata. Mun fara hawa tudun layinsu ke nan na ji ƙas! Na waiga, sai ga tirela tana komawa da baya ita kaɗai!

Salati ya kaure. Muka bi ta da gudu. Wallahi ba ta tsaya ba sai ƙofar gidansa!

Liman ya ce, "Me ya faru, Sani?"

Na duba mahaɗin tirelar da mota. Alminiyam ɗin wurin ya cinye, ƙusar ƙarfen ta goge ramin har ya tsage. Ko ɗigon giris babu.

Na ce, "Malam, ai mun ɗauka tunda ba ya tsatsa, ba ya bukatar komai."

Ladan ya fashe da kuka. Ya ce, "Baba Tanko ne ke shafa masa giris duk Juma'a. Tun da ya kwanta ba wanda ya taɓa shi."

Sai ga matar marigayin, Inna Laraba, ta fito zaure. Ta dafa makarar. Ko hawaye babu.

Ta ce, "Ku bar shi, 'ya'yana. Tun da muke, Malam bai taɓa fita bai yi mini sallama ba."

A kafaɗa muka kai shi maƙabarta.