Matakin Ƙafar da Na Ƙera wa Surukata

Ana idar da sallar asuba na turo mashin waje, gari bai gama wayewa ba muka bar Birnin Kebbi, ni da surukata, muka nufi Argungu. Na san wani zai ce wane irin rashin ta-ido ne mutum ya goya uwar matarsa a bayan mashin. Dole ce ta sa. Saƙo ya zo cewa yayarta na kwance rai a hannun Allah, ga wahalar fetur ta hana motoci fita, surukata ta yi ta zaryar tasha tana dawowa. Ɗanta namiji yana can wajen mai jinya, ni kuwa ina da ɗan man da na ɓoye a galan.

Sana'ata walda ce. Tun da aka ba mu jiha aiki ya buɗe mana, ƙofofi da tagogin sababbin gidajen Gesse sun sa na fara jin kaina, har ina ganin babu abin da ƙarfe zai gagare ni. To, dattijuwa ba za ta hau mashin ta raba ƙafa ba, zaman gefe za ta yi, ƙafafu biyu a ɓangare ɗaya. Kuma ko za ta faɗi ba za ta riƙe rigar surukinta ba. Ke nan ƙafarta ce kaɗai za ta tsayar da ita a kan kujera, shi ya sa ana gobe tafiya na zauna na ƙera mata mataki.

Ba ni da fuskar da zan ce ta miƙo ƙafa in gwada, sai na faki ido na auna takalman robarta da ta bari a bakin ƙofa. Na yanko falle daga ragowar ƙarfen ƙofa, mai faɗin da zai ɗauki ƙafa biyu. Na yi masa ƙuraje da wutar walda don kada ya yi santsi, na lanƙwasa bakinsa don ya tare dunduniya, na ɗan karkatar da shi ciki yadda nauyi zai koma jikin mashin. Wurin ɗaurawa na duba, ban ga ƙarfe mai ƙwari kamar wanda ke riƙe da salansa ba, sai na liƙa shi a nan. Na ɗauki matata muka zaga unguwa muka dawo, ta ce ya yi daɗin takawa.

Hanya da safe ta yi kyau. Ƙarshen damina ne, fadamar Zauro ta cika da ruwa, shinkafa ta yi kore shar har iyakar ganinka, manoma sun naɗe wando suna ratsawa. Motoci kuwa sai jefi-jefi. A bakin titi masu sayar da mai a kwalba sun jeru, kuɗin da suke faɗa ko kunya ba sa ji. Nan na tsaya na sayo mata masa mai zafi, na ajiye a gefenta ba tare da na ɗaga kai ba, na koma nesa na ba ta baya don ta samu ta ci.

'Yan kabu-kabu masu haya da babur suka zagaye mashin ɗin suna kallon matakin. Ɗayansu ya ɗora ƙafa ya jijjiga, ya ce, "Wanga aikinka na? Wallahi ya yi. In ka komo ka yi min irinai." Kai ya kumbura. Na tsaya ina yi musu bayanin karkata da ƙuraje kamar wanda ya ƙera jirgin sama.

Bayan mun wuce Ambursa rana ta ɗaga, hanya ta miƙe, na ƙara wuta. Ba mu yi nisa ba na fara jin mashin na rawa. Ya karkata nan, ya dawo, ya sake karkata. Na gane daga baya ne motsin ke zuwa, kamar tana ɗaga ƙafa ɗaya ta sauke, ta ɗaga ɗayar. Na ɗauka tsoron gudu ne irin na tsofaffi. Waiwaye ba dama, ban taɓa haɗa ido da ita ba tun da na auri 'yarta. Sai na daure na yi magana, ina kallon titi: "Inna, a taka da kyau, kada a riƙa ɗaga ƙahwa. Haɗari na."

Ta ce, "To."

Daga nan mashin bai sake rawa ba. Na ji daɗi ƙwarai, har ina yaba wa kaina a zuci. Na sha ɗan jin ƙaurin roba, na ce taya ce ke shan kwalta. Muka wuce garken shanu, muka wuce mata ɗauke da ƙwaryar nono, muka wuce wata motar albasa da mai ya ƙare mata, direban ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta yana sharar barci. Ni duk ina kallon waɗannan, ita kuwa ko tari ba ta yi ba.

Mun shiga Argungu da hantsi, warin kifi ya tarye mu tun daga bakin kasuwa. A ƙofar gidan ta sauka a hankali, ta dafa bango ta shiga, na ce gajiyar zama ce. Da na juya zan kafe mashin sai na ga wani abu shuɗi ya manne a kan matakin, ya bi tsakanin ƙurajen nan da nake alfahari da su. Na kai hannu in ɓamɓare. Ban san lokacin da na yi ƙara ba, yatsuna suka tashi nan take. Robar takalminta ce ta narke. Zafin salansa ya biyo ƙarfen da na liƙa ya hau matakin, zagayen unguwa bai isa ya nuna haka ba, doguwar tafiya ta nuna. A kan wannan na ce wa uwar matata ta taka da kyau, ta kuwa taka.

Na zauna a zaure, da ƙasa za ta tsage da na shige. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, irin ragon ruwan nan da ake zuwa Argungu dominsa, na kasa kai loma. Can ƙanin matata ya fito ya zauna, ya daɗe yana kallon tabarma kafin ya ce, "Inna ta ce garwashi tat taka wurin murhu da shigatta. Ƙahwahun duka biyu. Ta ce ka koma, sai ta ji sauƙi ta taho. Ni dai abin da tac ce ke nan."

Da na je sallama na durƙusa a bayan labule, na buɗe baki in ba da haƙuri, ta riga ni. "Allah shi yi albarka," in ji ta. "An kawo ni na ishe ta da rai. A gaida yara." Ta rufe maganar ke nan, ba ta bar min ko ƙofar da zan nemi gafara ba. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Na juyo ni kaɗai bayan azahar, ina riƙe da kan mashin da gefen hannu. A Zauro mai kabu-kabun nan ya ɗago min hannu, na yi kamar ban gan shi ba. Abin da tafiyar ta koya min a sana'a kaɗan ne: mataki ya koma hagu, nesa da salansa, a shimfiɗa masa katako, a kuma gwada shi a doguwar hanya. Babban darasin shi ne, duk lissafina na yi shi a kan faɗin takalmi, ban lissafa cewa mai takalmin ba za ta iya ce min ya yi zafi ba. Wanda yake jin nauyinka, shirunsa ba shaidar lafiya ba ce.

Na iso gida la'asar sakaliya. Matata ta tarye ni da ruwa tana tambayar mai jiki da Inna. Tun da Inna ta rufa min asiri, sai na fara da maganarta, na ce ta taka garwashi. Matata ta dubi fuskata, ta dubi yatsuna da suka ɗuri ruwa, ta ajiye kofin a ƙasa.

"Kai ma garwashin kat taka da hannu?"

Na ce ta zauna, akwai magana.