Roƙon addu'ar da na miƙa a kan aminiyata

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina da shekara sittin da ɗaya, ina aikin kula da tsofaffi a nan garin Greensboro na Amurka, kuma ni ke riƙe da mabuɗin kicin ɗin cocinmu. Da ka tambayi kowa a zumuntar mata, cewa za a yi ai Mama mace ce mai addu'a, ba a rasa ta a gidan haihuwa ko gidan makoki. Ni ma haka na ɗauki kaina. Maigidana ya rasu shekara huɗu kafin nan, yaranmu biyu sun yi aure sun watse, in na kira su da Hausa su amsa mini da Turanci. Marigayin ya bar ni da gareji cike maƙil da kwalaye: labule, tukwane, faranti, injin niƙa, har da kujerun roba, duk na gidan da muka shekara ashirin muna ginawa a kudancin Kaduna. Kullum maganarsa ita ce in mun yi ritaya za mu koma mu huta. Bai kai ritayar ba, gidan kuma bai taɓa yin mako biyu a jere a cikinsa ba.

Ina da aminiya, wadda ko 'yar'uwar da muka sha nono ɗaya ba ta kai ta ba. A tashar bas ta cikin gari muka haɗu, a sanyinmu na farko a ƙasar nan. Ina tsaye ina rawar ɗari ina mita da Hausa, sai na ji wata a bayana ta fashe da dariya ta amsa mini. Ashe ma ƙauyukanmu na kusa da juna. Daga ranar muka ƙulle, shekara ashirin da shida. Da maigidana ya rasu, mako biyu ta yi a gidana, ita ke tilasta mini shan kunu. Gidansu na Pleasant Garden, can bayan gari, da fili babba inda take shuka yakuwa da kuɓewa, kuma a kicin ɗinta akwai wani tsohon turmi na mahaifiyarta da ta ɗauko tun daga gida. Duk bikin Kirsimeti a cikinsa muke daka yaji, muna daka muna gulmar mazajenmu.

Wata Asabar ta kira ni ta ce in zo maza in ga abin mamaki. Ina shiga gidan na tarar da wata ƙatuwar mota kamar bas a tsakar fili. Mijinta, wanda muke ce wa Baba, dattijo ne a cocinmu, ya gama aikin kanikanci ke nan. Ya buɗe mini ƙofa yana murmushi kamar wanda ya ci zaɓe. Kai, Edita! Ciki akwai gado, da ɗan kicin, da firji, da banɗaki har da wurin wanka. Suka ce sun sa gidansu a kasuwa, za su rabu da kusan duk kayansu, su koma cikin motar nan gaba ɗaya, su yi ta yawon ƙasar nan suna ganin duniya tun ƙafafunsu na ɗaukarsu. Baba ya nuna mini yadda teburin cin abinci ke naɗewa ya zama gado na biyu. Ita kuma ta ce akwai wata ƙarama da ta fi sauƙin tuƙi, amma saboda gadon nan suka zaɓi wannan, ta dube ni tana dariya. Na ɗauka jikoki take nufi. Na ce Allah ya sanya albarka, na yi guɗa ma. Sai ga shi za ta sauko daga matattakalar motar, Baba ya miƙa hannu ya riƙe nata, ya ce ta taka a hankali.

Wannan riƙon hannun ne ya ƙone ni. Ban damu da motar ba, ni da ko tuƙin babbar hanya ba na so. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne, mun zo ƙasar nan a shekara ɗaya ni da ita, mun sha wahala iri ɗaya, amma ita ta iso hutu da mijinta a gefenta, ni kuwa na iso da kwalaye. Da na koma gida na ɗaga ƙofar gareji na tsaya ina kallonsu, na ce wa Ubangiji, to ni me na yi? Kishi ne, ba wani suna da zan ba shi. A lokacin dai ban yarda ba, ce wa kaina nake ina damuwa da su ne, wai tsofaffi da zama a mota.

Asabar uku ina taya ta rabon kaya. Ta sayo farin salatif, tana manna wa kowane abu tana rubuta sunan wanda za ta ba. Kujeru na wasu sababbin ma'aurata, manyan tukwane na coci, keken ɗinki na wata 'yar Nijar maƙwabciyar wurin aikinta. Tana bayarwa tana waƙa, kamar ba guminta ba ne, har cewa take duk abin da ya fita sai ta ji bayanta ya saki. Ni kuwa kowace waƙa kamar da ni take. A kan turmin nan na ga sunana da rubutun hannunta. Ta ce ba shi da wuri a mota, kuma ba wanda ya cancanci turmin mamanta sai ni. Maimakon in ji daɗi, sai zuciyata ta ce, wato ita ta tafi ganin duniya, ni in zauna gadin tsohon icce.

Ranar taron zumuntar mata aminiyata ba ta zo ba, masu sayen gida za su zo dubawa. Bayan waƙoƙi shugabarmu ta tambaya ko akwai mai roƙon addu'a, kamar yadda muka saba. Ban shirya ba, Allah shaida, amma na ga na miƙe. Na sunkuyar da kai, na sassauta murya, na ce mu sa wani iyali na cikinmu a addu'a, ba zan ambaci suna ba, gidansu na barin hannunsu, kuma da shekarunsu a mota za su riƙa kwana. Edita, duba maganar nan da kyau, babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Da wannan na yi ta rarrashin kaina. Amma na san abin da na ƙulla, domin a wurinmu in aka ce mutum na kwana a mota, an gama faɗin komai. Mata suka yi ta salati irin namu, wasu har da hawaye, aka durƙusa aka yi addu'a mai zafi. Da aka tashi suka biyo ni kicin suna tambaya ko su wane ne, ko da yake kowa ya ga kujerar aminiyata ba kowa a kai. Na ja dogon numfashi na ce ba a bakina za a ji asirin 'yar'uwata ba. Wannan numfashin ya fi maganar ɓarna.

Cikin mako guda mata suka fara sallama a gidansu, wannan da buhun shinkafa, waccan da bargo. Wata ta ce akwai ɗakin ƙasa a gidanta, su zo su zauna kafin Allah ya buɗa. Fasto ya ja Baba gefe bayan sujadar Lahadi ya tambaye shi ko akwai wani hali da ya faɗa ciki, ko caca ko wani abu, mutumin da ya shekara ashirin yana raba gurasar jibin Ubangiji a coci. Da fari aminiyata dariya ta yi ta yi. Ta kira ni ta ce in zo in kwashi shinkafa, mutanenmu sun mai da ita 'yar gudun hijira, sannan ta tambaye ni ko wa ya fara wannan zance. Na ce mata ai kin san halin mutane. Bakina bai ko yi rawa ba, kuma a ƙasan zuciyata na ji wani sanyi, don a karon farko ba ni kaɗai ake tausayi a coci ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne waya. Ɗaya daga cikin matan tana da ƙanwa da ke aure a ƙauyen su aminiyata. Kafin a ce me, labari ya isa kunnen mahaifiyarta, tsohuwa tukuf wadda ke alfahari da cewa 'yarta na da gida a Amurka. Aka ce mata an ƙwace gidan, 'yarta da surukinta a mota suke kwana kamar 'yan tasha. Tsohuwa ta daina cin abinci. Aminiyata ta kira ta ta bidiyo, ta zaga da ita cikin motar tana nuna mata gado da firji, amma da idon tsohuwa ya faɗa kan sitiyari sai ta ɗora hannu a ka ta ce ashe gaskiya ne. Tsohuwar ta sa aka share ɗakinta, ta ce 'yarta ta dawo, ita za ta koma kwana a zaure. Bayan 'yan kwanaki ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na hagu bai ƙara motsi ba, bakinta kuma ya karkace. Aminiyata ta bar komai ta tafi gida, mako shida tana jinya. Ni na kai ta filin jirgi, na rungume ta, na yi mata addu'ar sauka lafiya da wannan bakin nawa.

Da ta dawo, shugabar zumunta ce ta tona ni, ba da mugun nufi ba. Ta je gaishe ta, cikin hira ta ce ta gode wa Allah da ya ba ta aminiya irina, wadda ta fara miƙa maganarsu a addu'a tun kafin kowa ya sani.

Washegari da safe ina gareji na ji tsayuwar motarta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta zauna ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko ni ce. Na fara cewa ai ban ambaci suna ba, ta ce ta sani, abin da take son ji shi ne me ta yi mini. Na zauna a kan kwalin faranti. Na ce ba ta yi mini komai ba, Baba ne ya riƙe hannunta ranar nan. Sai hawaye suka zubo mata. Ta ce likita ya ce ciwon mamanta zai iya zuwa ko ba wannan labari, don haka ba za ta ɗora mini shi ba. Sannan ta tambaye ni ko na tuna na taɓa ce mata shekara ashirin da shida ina zaune tafiyar 'yan awoyi daga teku amma ban taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi. Ta ce gadon nan na tebur nawa ne. Sun shirya tafiyar farko da ni za a yi zuwa bakin teku, kuma duk shekara su zo su ɗauke ni wata guda, don Baba ya ce bai kamata a bar matar abokinsa ita kaɗai da kwalaye ba. Ta ce ta yafe mini saboda Yesu, amma cikin motar zaman nan ba faɗi, ba za ta iya barci ina numfashi kusa da ita haka ba. Ta buɗe bayan motarta, ta mirgino turmin da kanta, ta ce an riga an rubuta sunana a kai. Ta ja mota ta tafi.

Na tsaya gaban zumuntar mata na faɗi abin da na yi, na mayar da mabuɗin kicin. Wasu sun rungume ni, wasu har yau gaisuwar nesa muke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Su aminiyata sun tashi bayan wata biyu. Shekara biyu ke nan, hotunansu a wayar wasu nake gani: ga su a bakin ruwa, ga su a gindin duwatsu, ga ta tana soya ƙosai a ƙofar mota. A wani hoton na hango teburin nan a bayanta, a miƙe ba a naɗe shi ba, da kofi biyu a kai. In na tura mata gaisuwar Kirsimeti takan amsa da amin, ba ƙari.

Abin da na koya, kishi bai zo mini da fuskar mugunta ba. Da kallabin zumunta ya zo, da sunkuyar da kai, da murya mai taushi, shi ya sa ban gane shi ba. Na kuma koyi cewa mutum na iya yin ƙarya ba tare da ya furta kalmar ƙarya ko ɗaya ba. 'Yan'uwana mata, musamman mu da ke zaman baƙunta, inda magana ke tsallake teku cikin minti ɗaya, ina roƙonku: kafin ki miƙe ki sa wani a addu'a a gaban jama'a, ki je ki tambaye shi tukuna. In kuwa kin ji wani ɗan daɗi yayin da kike faɗin matsalarsa, ki koma ki zauna, ke ce mai bukatar addu'ar. In alherin 'yar'uwarki ya yi miki zafi, ki gaya mata ko ki gaya wa Allah a ɗakinki. Da na faɗa mata tun ranar farko cewa hannun nan ya sa ni kewar maigidana, na san kuka za mu yi tare, ta dafa mini kunu.

Na rabar da kwalayen nan duka, na koyi hakan daga gare ta ko da yake a makare. Garejin yanzu fayau yake, turmin kaɗai ya rage a tsakiya. Ban taɓa daka komai a cikinsa ba, ban kuma ɓare salatif ɗin ba, don shi ne wuri na ƙarshe da ta rubuta sunana tana sona.