Turmi a Cikin Kaset

Har yau idan aka yi zancen digiri na biyu da Yaya ya yi a fannin Turanci, mutanen gidanmu sai su ce ai manyan littattafan Ingila ya haddace, shi ya sa aka ba shi. Inna ma haka take faɗa wa baƙi, tana nuna musu akwatin littattafansa. Ba haka ba ne. Littattafan ya karanta su, ban musa ba, amma abin da ya fitar da shi turmin Gwaggo ne na garin Gulma, kuma saura kaɗan ni in kayar da shi.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, kowace takarda sai an kai ta can. Na gama sakandare ina zaune gida a Birnin Kebbi. Sakamako ya fito na ci komai ban da Turanci, don haka babu makarantar da za ta ɗauke ni. Na ce to shi ke nan, Turanci ba yaren ubana ba ne. Yaya kuwa malamin Turanci ne, an ba shi hutun shekara biyu ya ƙaro ilimi a jami'a, hutun kuma ya kusa ƙarewa.

Abin da ya zaɓa ya rubuta a kai ya ba ni dariya: waƙoƙin da mata suke yi wurin casar shinkafa. Na tambaye shi ina ruwan Turanci da daka. Ya ce adabi adabi ne, zai juya waƙoƙin zuwa Turanci ya nazarce su kamar yadda ake nazarin na Turawa. Matsalarsa ɗaya. Malamin da ke duba aikinsa ya ce ba zai karɓa ba sai da muryar matan a kaset, shi kuma Yaya namiji ne baligi, iyakarsa zaure. Ko a gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, da zarar ya yi sallama matan maƙwabta sai su ja mayafi su yi tsit.

Shi ya sa ya miƙa mini rikoda da kaset huɗu da batir. Ya fara yi mini bayani, na katse shi na ce danna jan maɓalli ba sai an je jami'a ba.

Na hau mota zuwa Argungu, daga can na ƙarasa Gulma. An gama girbi, an yi gumi, wato an turara shinkafa an shanya, gida ya cika da mata suna lugude, uku-uku a turmi ɗaya. Na kunna rikoda na gwada, na mayar na saurara, sai na ji dukan taɓarya ya danne komai. Ban yi shawara da kowa ba. Na tafa hannu na ce a dakata, na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na jera su, har da tsofaffin da suka yi jika da ni, na ce kowa ta yi waƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban da tari.

Suka yi ta kallon juna. Wata ta fara, ta yi layi biyu ta maƙale ta fashe da dariya. Wata ta ce ta manta. Da na matsa, sai suka ba ni waƙoƙin biki da waɗanda suke ji a rediyo. Kafin la'asar na cika kaset huɗu, murya fes, babu ko kukan akuya. Na dawo gida ina jin kaina.

Yaya ya saurari na farko har ƙarshe, ya sa na biyu, ya ɗan ji, ya kashe.

"Auta, ina turmin?"

Na ce na hana, don yana ɓata sauti.

Sai ya ɗauko takardunsa ya nuna mini cewa duk hujjarsa a kan turmin take tsaye: inda taɓarya ta sauka nan baiti yake karyewa, inda mace ta ɗaga hannu nan take jan numfashi. In babu dukan, babu abin da zai auna. Bayanin da ya so yi mini ke nan ranar da na katse shi. Sati shida suka rage masa. In bai kai ba zai koma aji hannu rabbana, shekara biyu sun tafi a banza. Na so ya yi mini faɗa in samu bakin ramawa. Bai yi ba. Kaset ya sake sayowa ya ajiye mini a kan tabarma.

Da na koma Gulma, Gwaggo ba ta ko ce in sha ruwa ba.

"Ke kinka zamnad da mu bisa tabarma awa ɗiyan makaranta," in ji ta. "Waƙag ga ba ta zuwa sai hannu na aiki. In kina son ta, ga taɓarya."

Na ɗora rikoda a kan katangar rumbu na rufe ta da faifai, na karɓi taɓarya. Ranar farko ba wadda ta yi waƙa. Da gangan suka yi, na sani. Muka yi ta daka shiru, tafin hannuna ya yi bororo, ni kuma ina lissafin kwanakin Yaya a zuci ina cizon leɓe. Sau biyu na buɗe baki zan ce su yi waƙar mana, sai in ga idon Gwaggo in haɗiye.

Rana ta biyu na yi gaggawar saukar da taɓarya kafin lokacina, ta gwaru da ta wata tsohuwa, shinkafa ta watse ƙasa, kaji suka rugo. Tsohuwar ba ta ko dube ni ba. Ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga tata taɓaryar, sai kawai ta ɗauka:

"Ɗiyar boko ta zo Gulma,
biro ya fi taɓarya sauƙi,
ɗaga, ɗiya, kar tuwo shi kwana."

Sauran suka amsa. Zagina ake yi a gaban idona, amma na miƙa hannu ƙarƙashin faifai na danna maɓalli, na dawo na ci gaba da daka. Daga kaina suka wuce kan mazan da suka tafi su a gulbi suka dawo da labari maimakon kifi, da shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama, da surukin da ya fi kowa loma. A hannuna na ji abin da Yaya yake nufi. In na makara da duka, baitin sai ya yi ɗingishi, matan su harare ni.

Kwana uku na yi. Na dawo da kaset biyar masu cike da duka da tari da kukan kaji. Yaya ya ji minti kaɗan, ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya fita waje.

Sai kuma ya zamana ba ya iya tsinto kalmomin daga cikin dukan, ni kuwa ina wurin aka yi su. Muka yi sati uku ina faɗa yana rubutawa, sannan yana juyawa zuwa Turanci da ƙarfi. Nan na fara yi masa gardama. In ya zaɓi kalma in ce wannan ta yi sanyi, tsohuwar da zafi ta faɗa. Sai ya turo mini ƙamus ya ce in nemo wadda ta fi. Sau da yawa shi ke da gaskiya. Sau uku ko huɗu ya soke tasa ya sa tawa. Tsawon wannan zama bai taɓa tuna mini cewa na faɗi Turanci ba, ni da na kusa jawo masa asarar shekara biyu. Wannan ban san da me zan biya shi ba. Gwaggo ma na gode mata, ko da yake da na faɗa mata, cewa ta yi in bari sai na iya lugude tukuna.

Ya kai aikin Sakkwato saura kwana huɗu, aka karɓa. Da ya dawo da kundin an ɗaure shi da baƙin bango, na buɗe na ga waƙar zagina a ciki da Turanci, kuma na karanta shafin duka ban nemi ƙamus ba. Ya ce in faɗi tukuicin da nake so. Inna ta ce atamfa. Na ce a'a, ya kawo mini fom ɗin sake jarrabawar Turanci, kuma rikodar nan ba zan mayar ba, don akwai matan garin Zauro da ba a ɗauki muryarsu ba tukuna.