Rabin Amsar Da Na Ba Malam Yahaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe shago wayata ta yi ƙara. Malama Rifkatu ce, wadda suke koyarwa tare da Malam Yahaya a Garaku. Ta ce, "Shu'aibu, Malam Yahaya ya rasu da asuba." Na ce wane Malam Yahaya, alhali guda ɗaya na sani.

Hawan jini ne, in ji ta. Ya faɗi yana alwala, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Da ƙyar na samu jana'iza. Na dawo Keffi tun la'asar, na kasa taɓa aiki, kuma akwai maganar da in ban faɗe ta yau ba na san halina, ba zan faɗa ba har abada.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana lissafi a sakandare. Shi ne mutum na farko da ya bar ni na taɓa kwamfuta, wata tsohuwar laftof da sai an ɗora ta a kan bulo biyu saboda zafi. Abincin da nake ci yau da sana'ar haɗa manhajar waya, daga kan wannan bulo ya faro.

Bara sai ga shi a shagona, ya haura hamsin, wai ya zo koyo. Na yi dariya. Ya ce, "Gemu ba ya hana neman ilimi, Injiniya. Yau kai ne malam, in na yi kuskure ka nemo bulala."

Abin da ya dame shi, duk ƙarshen zango malamai su yi ta fama da tara maki a takarda, iyaye su taso daga ƙauye a ce musu sakamako bai fito ba. Yana son kowane malami ya zuba maki ta wayarsa, manhaja ta tara, ta fitar da na ɗaya har na ƙarshe.

Kowace Asabar yana shigo mota daga Garaku. Bai taɓa zuwa hannu biyu ba, in ba doya ba to gyaɗa, wata rana har da man ja wai a kai wa maiɗakina.

Kuma ya iya. Wallahi ya iya. Kan lissafi ne da shi.

Wata Asabar ya zo fuska a yamutse, ya ce kwana uku abu ɗaya ya tsare shi. Mu masu wannan aiki muna gwada manhaja ne a emuleta, wato wayar kwaikwayo da ke buɗewa a cikin kwamfuta. Manhajar Malam tana buƙatar ɗauko sunayen ɗalibai daga laftof ɗinsa, sai an ba ta adireshin da za ta bi. Shi ya rubuta localhost, wanda ke nufin "nan gida". To a cikin emuleta, "nan gida" ita wayar kanta ke nan, ba laftof ba. Babu sabon shiga da wannan rami bai taɓa kayarwa ba.

Lokacin ina kan waya da wani mai aiki daga Abuja. Na leƙa da ido ɗaya, na goge, na rubuta masa 10.0.2.2, lambar da emuleta ke bi ta isa kwamfutar da ke ɗauke da ita. Nan take sunayen yara suka jeru.

Malam ya yi hamdala, ya rubuta lambar a littafinsa, ya ja mata layi biyu. Ya ce, "Shi ke nan, Injiniya? Babu saura?"

Na ce babu saura.

Akwai saura. Wannan lamba a emuleta kaɗai take aiki. A wayar gaske sai an nemo adireshin laftof ɗin a kan waifai, a kuma haɗa wayoyin da laftof a layi ɗaya. Bayanin minti biyu ne. Kuma ya faɗa mini ranar Talata zai nuna wa malamai a wayoyinsu. Na ce a raina zan kira shi in na gama. Ban kira ba.

Malama Rifkatu ce ta ba ni labarin Talatar. Firinsifal na zaune, malamai sun cika ofis, har da shugaban iyayen yara. Malam ya tura wa kowa manhaja, kowa ya buɗe, ɗan zoben nan na jira ya yi ta juyawa. Yana share gumi yana duba littafi. Ya kira ni sau uku, ina cikin mitin, na katse.

Wani ƙaramin malami ya ce, "Malam, a bar wa yara wannan harka mana." Aka yi dariya. Firinsifal ya ce a ci gaba da takarda. Tun ranar suka laƙaba masa Malam Lodin, wato "loading", saboda zoben nan na jira.

Da na kira shi daga baya, bai yi mini ƙorafi ba. Cewa ya yi, "Ba komai, Injiniya, ina jin ni na rikita wani abu."

Sai na yi shiru.

Wannan shirun shi ne ya hana ni cin abinci yau. Na san ainihin abin da ya faru, amma kunyar in ce laifina ne ta fi ƙarfina, na bar malamina yana zargin kansa. Na ce zan zo Garaku mu duba. Asabar ta yi ta wucewa, shi ma ya daina zuwa.

Ganinmu na ƙarshe mako uku da suka wuce ne, a tasha, ya zo sayen kacar babur wajen wani Ibo mai kayan gyara. Ya riƙe hannuna ya ce na ɓuya. Na sake cewa ina nan zuwa. Ya yi murmushi ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. Kowa da iyakarsa, ni na ga tawa. Na koma wa allina."

Na buɗe baki, ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya. Malam ya shiga mota.

Yau a maƙabarta na ji wani a bayana yana cewa, "Allah sarki, Malam Lodin." Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Amma ban iya jurewa ba.

Da muka koma gidan makoki na roƙi ƙanensa ya karɓo mini laftof ɗin daga wajen uwargida. A gaban Malama Rifkatu da malamai biyu na canza layi ɗaya, muka haɗa da wayarta. Sunaye suka fito, maki ya taru daidai, na ɗaya har na ƙarshe. Ban gyara komai a aikinsa ba, don babu abin gyarawa. Malama ta rufe baki da mayafi ta fita waje.

Sai idona ya kai kan ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe kafin ni. Alhamis ɗin nan da ta wuce. Mutumin da ya ce mini ya koma wa allinsa, ashe yana nan yana gwadawa shi kaɗai, bai sake tambayata ba don kada ya dame ni.

To ga shi na faɗa a gaban kowa. Malaman Garaku, da ku da kuka yi dariya da ku da ba ku yi ba, manhajar Malam Yahaya tana aiki. Ni na ba shi rabin amsa, ni na ɓoye sauran. Don Allah wancan suna a binne shi yau.

Da na sani ƙeya ce. Wanda ya kamata ya ji wannan magana ba zai karanta ta ba.

Allah Ka jiƙan Malam Yahaya, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ilimin da ya bayar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka raya abin da ya bari. Ni kuma Ka yafe mini haƙƙinsa.

Duk wanda ya karanta, ya taimaka ya sa shi a addu'a, da sunansa na gaskiya.