Surajo Mai Jirgi da Karen Amarya

Da an sallame sallar asuba, kafin masu kifi su gama shimfiɗa buhuna a bakin ruwan Yelwa, Malam Surajo ya riga ya tsuguna cikin jirginsa yana kwashe ruwa da wani tsohon kwanon silba da duk ya lotse. In ya gama sai ya bi katakon jirgin da tafin hannu yana laluben inda ya yi taushi. Ya duba inji, ya jera rigunan ruwa, sannan ya miƙe ya daɗe yana kallon gabas. Ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau sai ya gama kallon nan. Haka ya yi shekara talatin da huɗu, har makon jiya da gwiwa ta ce ta gaji, ya miƙa jirgin ga ƙanensa Abdulrahman.

Daga Yelwa zuwa Wara, in ka ce jirgin amare kowa ya san wanda kake nufi. Ba a san adadin amaren da ya ƙetarar da su ba, su da gadajensu da tukwanensu da gwaggwanninsu masu faɗa. Dokarsa biyu ce tal. Ta farko, in jirgi ya cika to ya cika. Masu dako sun shaida ranar da ya bar kawun ango tsaye a gaɓa da babbar riga yana kumfar baki, ya je ya sauke mutane, ya dawo ya ɗauke shi shi kaɗai. Ta biyu, da damina ba ya yarda la'asar ta same shi a tsakiyar ruwa, domin ya san yadda iska ke tashi a tafkin nan, ya kuma san kututturan da ke kwance a ƙarƙashinsa. An zage shi a kan dokokin nan, an kira shi mai taurin kai. Amma dai bai taɓa rasa ko ɗankwalin fasinja a ruwa ba.

Duk da haka, in an zauna hirar Surajo, ba wannan ake fara bayarwa ba. Labarin Duna ake farawa da shi, kuma ni ma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara shida da suka wuce, a farkon damina, wata budurwa mai suna Lubabatu ta same shi a bakin ruwa. 'Yar Tungar Gambo ce, wani ɗan tsibiri na masunta, sana'arta bandar kifi. An sa ranar aurenta da Zaharaddeen, wani malamin makaranta a wani ƙauye kusa da Wara, a ƙasar Ngaski. Ta durƙusa ta gaishe shi tana wasa da bakin mayafi.

"Baba Surajo, kai nike so ka kai ni ɗakina," in ji ta. "Amma ba ni tahiya sai da Duna."

"Wa na Duna kuma? Ƙawarki ta?"

"Karena na."

Surajo ya yi dariya har hularsa ta goce. "Ɗiyata, na ɗauki awaki, na ɗauki babur, har saniya na taɓa ƙetarewa da ita. Amma kare cikin 'yan kai amarya, wanga sabo na."

Da ya ga ba ta yi dariya ba sai ya gyara zama. Ashe mahaifinta, marigayi Jibrin, shi ya kawo karen yana ɗan kwikwiyo don ya tsare mata banda daga shirwa da kyanwa da masu dogon hannu. Bai cika shekara da kawo shi ba Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu ga aure ya zo, mahaifiyarta Inna Talatu kuma za ta koma gidan haya wajen ɗanta a cikin Yelwa, inda mai gida ya ce ko kaza ba ya so balle kare. In jirgin amarya ya tashi babu Duna, to an bar shi ke nan a tsibiri ba mai ba shi ko ƙashin kifi. Surajo ya ji tausayi ya kama shi. Ya ce mata ta tashi ta tafi, in Allah ya yarda da ita da karenta za su kwana a Ngaski rana ɗaya.

Daga nan fa shiri ya kankama, kai ka ce shi zai aurar da 'ya. Da kansa ya tafi ƙauyen ango ya sami mahaifin Zaharaddeen. Dattijon ya ce karen tsaro ba laifi ba ne, amma ya zauna a waje, kwanonsa daban, kada ya kusanci randa ko butar alwala. Surajo ya zaga filin da za a yi biki, wani fili mai itatuwan mangwaro a bakin ruwa. Ya nuna inda mata za su kafa tukwane, ya taka sawu sittin zuwa gindin wata tsamiya inda za a gina wa amarya sabuwar banda, ya ce nan ne masaukin baƙo. Ya sa aka kafa turke da 'yar rumfar zana. Ya koma Yelwa ya ɗauko malamin dabbobi har tsibiri aka yi wa Duna allura, don kada wani ya ce an kawo musu mahaukacin kare.

Saura jirgi, kuma nan ne Gwaggo Uwani ta tsaya. Ita ce ƙanwar marigayi Jibrin, ita ce uwar biki, kuma ba a taɓa jin ta janye magana ba.

"Wallahi in karen ga ya sa ƙahwa cikin jirgi, ni ba ni shiga," in ji ta. "Da sabuwar atamfata? Ga gara, ga kayan ɗaki? Surajo, tsuhwa ya hwara taɓa ka?"

"Gwaggo, ba shi shiga jirginki. Nashi jirgi za a ba shi."

Ya kuwa aro wani ƙaramin kwalekwale, ya ɗaure shi a bayan babban jirgi da doguwar igiya. Kwana bakwai a jere, in ya dawo daga jigila, sai ya ratsa Tungar Gambo a yi gwaji. Lubabatu ta zauna a ƙarshen jirgi kusa da inji ta ce, "Duna, shiga!" Ranar farko karen ya tsaya yana haushi. Ta biyu ya shiga ya fito. Ta uku ya faɗa ruwa, aka tsamo shi yana atishawa, mutanen tunga suna ta shewa. A rana ta bakwai kuwa, da ta kira shi sai ya yi tsalle ya zauna daram a tsakiyar kwalekwalen, suka zaga tsibirin sau biyu bai motsa ba. Kullum in an gama sai ta ɗauko kwanonsa ta ƙwanƙwasa sau uku, ya zo ya ci ladarsa. Surajo ya koma gida yana ta yi wa kowa albishir cewa aiki ya kammalu.

Abu ɗaya ne bai zo masa a rai ba, shi da ya kai amare fiye da kowa a ƙasar Yauri. A gidansu Lubabatu, daga lokacin da amarya ta fito daga ɗakin uwarta ba ta sake buɗe baki sai ango ya saya. Kwana bakwai ya yi yana koya wa kare bin muryar da ba za a ji ta ba ranar biki.

Ranar ta zo. Bayan azahar tunga ta ɗauki kiɗan ƙwarya da guɗa, an loda gado da katifa da jeren kwanuka, mata sun sha anko sun ɗora rigunan ruwa a kai suna mita. Aka fito da amarya a lulluɓe tun daga kai har ƙafa, ta sha lalle, ƙamshin humra da turaren wuta yana tashi. Aka zaunar da ita kusa da Surajo. Duna ya zo a guje yana shinshina mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya zo daidai inda take, ya ɗaga hanci, ya yi atishawa, ya wuce. Shi warin hayaƙi da ƙarnin kifi ya sani, wannan mai ƙamshin baƙuwa ce a wurinsa.

Surajo ya siranta murya ya ce, "Duna, shiga!" Mata suka kwashe da dariya, karen ko waiwaye bai yi ba. Inna Talatu ta ce a ɗauko tsohon zanen da Lubabatu ke aikin banda da shi. Aka shimfiɗa shi cikin kwalekwale. Duna ya shinshina, ya miƙa wuya ya fizge zanen, ya ruga da shi gindin banda ya kwanta a kai, ya kafa ido ga ƙofar gida yana jiran mai shi ta fito. Samari biyu suka nufe shi da igiya, ya nuna musu haƙora, suka dawo da baya.

Surajo ya ɗaga kai gabas. Hadari ya fara haɗuwa can ƙasa-ƙasa. Tafiyar ta fi awa biyu, ga rai ashirin da uku a jirginsa. In ya ƙara minti goma a nan, ya karya dokar da bai taɓa karyawa ba. In ya tashi, ya karya alkawari. Ya dubi amarya ya ga kafaɗunta suna rawa. Ya san kukan amare, ya ji iri-iri, wannan ba na al'ada ba ne.

"Gwaggo, don Allah kalma biyu kawai za ta hwaɗi," in ji shi.

"Ko rabin kalma. Haka anka kai ni, haka anka kai uwatta. Ba a kaina za a hwara ba."

Haushin kansa ya kama shi, ya ce a ransa wautar tasa ce ba ta kowa ba. Ya sunkuya zai ja igiyar inji, sai idonsa ya faɗa kan kwanon kwashe ruwa. Ya tsaya cak. Ya ɗauke shi, ya goge da gefen rigarsa, ya tura shi ƙarƙashin lulluɓin amarya. Sannan ya miƙe ya daka tsawar da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Kowa shi yi shiru! Masu ƙwarya, ku dakata!"

Bakin ruwa ya yi tsit. Hannu mai jan lalle ya fito daga cikin mayafi, ya ƙwanƙwasa kwanon sau uku. Can gindin banda kunnuwan Duna suka miƙe. Ta sake ƙwanƙwasawa. Sai ga shi ya taso a sukwane da zanen a bakinsa yana ja a ƙasa, ya ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane, ya tsaya ya dubi lulluɓin nan, jelarsa ta fara kaɗawa kamar za ta tsinke. Surajo ya jawo kwalekwalen kusa, amarya ta miƙa kwanon ta ƙwanƙwasa a bakin kwalekwalen. Tsalle ɗaya Duna ya yi ya zauna daram a ciki.

Wadda ta fara rangaɗa guɗa Gwaggo Uwani ce, duk da har gobe tana musun haka. Tunga ta kaure da ihu, Inna Talatu tana dariya tana share hawaye, inji ya tashi. Masunta da ke kan ruwa ranar sun ce sun saki taru suna kallon ikon Allah: jirgin amare a gaba ana waƙa, ga baƙin kare a baya shi kaɗai cikin jirginsa, ya take tsohon zane da ƙafa. Suna taka gaɓar Ngaski ɗigon farko ya sauka. Mutanen ango da suka fito tarbar amarya suka rasa wa za su fara kallo. An ce da Zaharaddeen ya sayi baki, abin da amarya ta fara cewa shi ne, "An ba Duna ruwa?"

Malam Surajo, kai ne ka ɗauki damuwar marainiya da muhimmanci a lokacin da kowa ke ganin abin dariya ce. Kai ne ka nemi hanyar da Gwaggo ba ta ji kunya ba, surukai ba su ɓata rai ba, dabba kuma ba ta wulaƙanta ba. Ka yi kuskure, ka ce naka ne, ka gyara shi da abin da idonka ya lura da shi. Ba ka da lambar yabo ko ɗaya a bango, amma a ƙauyukan bakin tafkin nan akwai iyaye mata da yawa da ƙafarsu ta fara taka garin miji daga jirginka, lafiya lau. Direban amare, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Ku kuma masu jiragen da ke tasowa, ga abin koyi a gabanku tun yana raye. Ku je ku zauna da shi ya nuna muku inda kututture yake. Ku koyi cewa a'a in jirgi ya cika, ku koyi kallon gabas, ku koyi sauraron fasinja ko da buƙatarsa ta ba ku dariya.

Ranar da ya ajiye aiki, Surajo ya miƙa wa Abdulrahman jirgi da inji da rigunan ruwa, amma ya riƙe kwanon. Ya ce a kai shi ƙauyen nan na kusa da Wara, karon farko a rayuwarsa yana zaune a matsayin fasinja. Tun kafin su iso Duna ya gane ƙarar injin, ya taso daga gindin tsamiya yana ɗingishi, bakinsa duk furfura. Lubabatu ta fito daga banda da goyo a bayanta, ta durƙusa. Surajo ya miƙa mata kwanon ya ce, "Ni na gama da shi, ɗiyata. A zuba ma tsoho ɗan'uwana." Ta karɓa da hannu biyu, ta ƙwanƙwasa sau uku, karen ya zo ya kwanta a gabansu.